Tawada Kafin Alƙalami: Daga Kurmi zuwa Glass

Mai shirin barin Kano zuwa Gabon ta ƙasa yakan kwana yana lissafin fasfo da biza da katin rigakafin shawara da kuɗin guzuri, amma da wuya biro ya shiga lissafinsa. A tasha ake sayensa a hannun mai tebur, a soka a aljihun gaba, a manta da shi. Sai an yi nisa ake gane cewa babu kayan da hannu zai fi yawan komawa kansa a wannan doguwar hanya kamarsa, domin kowace iyaka da takardarta, kowane masauki da rajistarsa, kowane ɗan canji da lissafinsa. Hanyar da ta tashi daga Kano ta ƙare a unguwar Glass, a bakin ruwan Libreville, ta ratsa ƙasashe uku, ta fito daga ƙurar hunturu ta shiga dajin da ƙasarsa ba ta cika bushewa ba, kuma a kowane zango tana nuna wani abu game da kayan rubutu wanda nake ganin mun daɗe muna kuskurensa. Mun saba zaɓen alƙalami da ido, mu duba ƙyallinsa da sunan kamfaninsa da nauyinsa a hannu, alhali abin da zai yanke hukuncin ko zai yi shekara goma yana aiki ko wata guda shi ne cimarsa, wato tawadar da yake sha, da ko ana samunta a garin da mai shi yake zaune.

Kakanninmu ba su yi wannan kuskure ba, kuma shaidar tana nan a Kasuwar Kurmi, inda har yau ake sayar da allo da kurtun tawada da alƙaluman kara a ɗaure. Sunayen baƙi ne da suka zama 'yan gida, don alƙalami da tawada duka daga Larabci muka aro su, amma kayan haɗin na ƙasarmu ne. Ana fiƙe alƙalami daga kara, a ɗan tsaga bakinsa don ya riƙe ruwa. Tawadar allo gawayi ce da ƙaro, shi ya sa take wankuwa; ta rubutun takarda kuwa, wadda ake so ta daɗe, akan haɗa ta da bagaruwa da kashin maƙera, ta kama takarda ta zauna. Almajirin da ya tafi gabas neman karatu, ko alaramman da ya zauna rubuta Alƙur'ani da ka, bai taɓa fargabar tawadarsa za ta yanke a Borno ko a Adamawa ba, domin duk inda ya sauka akwai kara, akwai gawayi, akwai itacen ƙaro. Matsalar ta fara ne ranar da alƙalami ya koma abin da ake ƙerawa a wata nahiya, tawadarsa kuma ta zama abin da sai jirgin ruwa ya kawo.

Daga Kano mota takan bi ta Gombe da Numan ta sauke mutum a Yola a gajiye, washegari a nemi ta iyaka zuwa Garwa. Da zarar an shiga Kamaru sunan abin ma yakan canza. Jami'in da ke neman a cike masa takarda ba zai ce biro ba, bik zai ce, kamar yadda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suke cewa. Sunayen biyu na mutane ne. László Bíró ɗan jarida ne daga Hangare, wanda ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1938 kafin ya koma Ajantina. Marcel Bich kuwa mai masana'anta ne a Faransa, wanda ya fito da Bic Cristal a ƙarshen 1950, ya mai da abin tsada ya zama na kowa. Waɗanda Ingila ta mulka suka gaji sunan mai ƙirƙira, waɗanda Faransa ta mulka suka gaji na mai masana'anta. Duk wanda ya ɗaga wannan bik ɗin ya duba shi da kyau zai ga aikin hankali: 'yar ƙwallo mai faɗin milimita ɗaya a bakinsa, ɗan ƙaramin huji a gefen gangar jikinsa don iska ta daidaita kada tawada ta zubo, da wani hujin a saman murfi don yaron da ya haɗiye shi ya samu ya numfasa. Tawadarsa mai kauri ce, da mai ake haɗa ta, shi ya sa ruwa ba ya narkar da ita, kuma bakinsa yana da ƙarfin da zai ratsa takardar kabon ya fito a rasit na biyu da na uku. A kan teburin iyaka babu mai ja da shi, wannan kuwa dole a faɗa tun da wuri. Aibinsa shi ne sai an danna yake rubutu, mai dogon rubutu hannunsa ya yi tsami. Da sanyin hunturu ya ƙi fita sai an murza shi tsakanin tafuka ana hura masa iska, da zafin bazara kuma ya yi amai a aljihun farar shadda.

Garwa gari ne a bakin Binuwai da Bahaushe ba ya jin baƙunta a cikinsa, da Hausa da Fillanci ake ciniki, shayi da tsire da fura duk irin na gida. A nan ake fara riƙe sefa, kuma ya kamata matafiyi ya san cewa sefar Nijar daban, ta Kamaru da Gabon daban. Darajarsu ɗaya, sefa 655.957 a yuro guda, amma takardun ba ɗaya ba ne, mai shago ba zai karɓi ta yamma ba sai an kai wa ɗan canji ya ci nasa. Daga Garwa a hau tudu zuwa Ngaundare, inda layin dogo ya iso a 1974, a shiga jirgin dare mai tafiyar sama da kilomita 600 zuwa Yawunde. A kowace tasha mata kan taso da zuma a kwalabe da ayaba da rogo naɗe a ganye suna miƙowa ta taga. Gari na wayewa an shiga wata duniya mai kore, jar ƙasa, iska mai laima. A Yawunde unguwar Briqueterie ita ce zangon Hausawa, da masallatai da teloli da hayaƙin tsiren da suke kira soya, kuma baƙon da ya yi sallama da Hausa ba ya rasa mai nuna masa wurin kwana.

A teburan masu kayan makaranta na wannan birni mutum zai ga yadda biro ya hayayyafa, kuma bambancin 'ya'yansa duk a tawada yake, ba a riga ba. Akwai mai tawadar ruwa, wanda kamfanin Ohto na Japan ya fara fitarwa a 1963, yana sulɓi a takarda amma yana ratsa ta idan sirirya ce. Akwai mai tawadar jel, wanda Sakura ya kawo a 1984, rubutunsa baƙi wuluk, ba ya buƙatar dannawa, sai dai yana zubar da tawada da yawa, don haka ɗalibin da ya shiga wata jarrabawa da shi zai iya ganin ƙarshensa kafin mako ya fita. Akwai na tsaka-tsaki irin Jetstream na kamfanin Uni, mai tawadar mai da aka tsinka ta, tana sulɓi kuma tana bushewa nan take, wanda ya fi dacewa da bahago. Sai kuma wanda ya kamata mutanen ƙasarmu su yi hattara da shi, wato FriXion na Pilot, mai gogewa. Ba goge tawadar ake yi ba, zafin gugar ne ke ɓatar da launinta idan ya kai kusan digiri 60. Littafin bashi da aka rubuta da shi, aka bari a gaban mota a ranar Afrilu ta Sakkwato, zai iya wayar gari fari fat. Alƙalamin da aka ƙera don ofis mai sanyi bai san da zafinmu ba, mai saye ne ya kamata ya sani.

Daga Yawunde hanya ta yi kudu ta Ebolowa da Ambam, a ƙetare kogin Ntem a shiga Gabon ta Eboro. Aikin jami'ai a nan yana da tsawo, shingaye da yawa, haƙuri ne maganinsa. Bitam da Oyem su ne garuruwan farko, ƙasar kabilar Fang, kuma abin da zai faranta ran Bahaushe shi ne ya tarar da Hausawa waɗanda kakanninsu suka zo fatauci tun zamanin Turawa, suka zauna, suka hayayyafa, 'ya'yansu 'yan Gabon ne, suna jin Faransanci da Fang, amma gaisuwarsu da tuwonsu na gida. Daga nan sai daji. Sama da kashi 80 cikin ɗari na ƙasar Gabon kurmi ne, mota takan yi sa'o'i tana bi tsakanin itatuwa, ba ta gamuwa da komai sai manyan motocin katako da ƙauyukan da aka rataye kayan sayarwa a kan ganguna a bakin titi. Bayan Mitzic a gangara Ndjolé a bakin kogin Ogooué, inda Faransawa suka tsare Samori Ture har ya rasu a 1900. A wannan ƙasa kuma suka kawo Shehu Ahmadu Bamba na Senegal daga 1895 zuwa 1902, a Mayumba da Lambaréné, da nufin raba shi da mutanensa, shi kuwa ya cika shekarun da rubutun ƙasidun da almajiransa suke karantawa har yau a Tuba. Mutumin da rubutunsa bai dogara da kanti ba, ko tsibiri aka kai shi ba a raba shi da alƙalami. Hanyar takan ƙetare layin da ya raba duniya biyu kafin Ndjolé, ta sake ƙetare shi tana komawa arewa bayan Bifoun, sannan Kango, Ntoum, sai unguwannin bakin birni da ake kira da lambar kilomita, PK12, PK8, PK5.

Libreville gari ne mai tsada, kuma tsadar ba ta ɓuya. Ƙasa ce mai man fetur da katako, mai mutane kaɗan, wadda yawancin abincinta daga waje yake zuwa. Tumatir da albasa da ayabar dafuwa da yawa Kamaru ce ke kawo su. Albasar da ake kasawa tuli a 'Yankaba, a kasuwar Mont-Bouët ƙirga ta ake yi. Tasi ma da tsarinta: mutum ya tsaya a bakin titi ya faɗi inda za shi da abin da zai biya, direba ya yi hon idan ya yarda, in bai yarda ba ya wuce ko kallo babu. Ɗakin kwana mai sauƙi a nan kuɗinsa ya kai na otal mai kyau a Kano, shi ya sa tsohuwar al'adar fatake ta mai masauki take da rai har yanzu, baƙo ya sauka wurin ɗan garinsu, a ba shi tabarma da ruwan wanka, a raka shi Masallacin Hassan II ranar Juma'a, a nuna masa inda zai ci halal, domin a kasuwa akwai naman dajin da sai an tambaya. Abincin gari rogo ne da aka jiƙa aka daka aka naɗe a ganye, da kaza a miyar kwakwar manja da suke kira nyembwe, da miyar odika ta ƙwallon mangwaron daji, da kifi banda. Da safe dogon burodin Faransa da ƙwai da kofi a rumfunan 'yan Afirka ta Yamma, da dare gasasshen naman da ake kira kupe-kupe, wanda ɗan'uwan balangu ne. Abu ɗaya da farashinsa bai tsorata kowa ba shi ne bik, sefa ɗari ko abin da ya yi kusa da haka, a kowace kusurwa.

Glass tana kudu da tsakiyar birni, a bakin mashigin ruwan da ya ba ƙasar sunanta, kuma ta girmi Libreville kanta, wadda aka kafa a 1849 don bayin da aka 'yanto daga wani jirgi. Sunan unguwar na wani sarkin kabilar Mpongwe ne da Turawan fatauci suka laƙaba wa Glass. A nan manyan kamfanonin Ingila da Jamus suka yi kantunansu, irin su Hatton & Cookson da Woermann, har da John Holt da mutanen Kano suka sani. A kan tudun Baraka na wannan unguwa ne wani ɗan mishan Ba'amurke, John Leighton Wilson, ya kafa coci da makaranta a 1842, kuma a 1847 aka buga nahawun harshen Mpongwe da 'yan mishan ɗin suka rubuta. Tsohon cocin yana nan. Tarihin wurin yana da wani darasi mai ɗaci game da alƙalami: a 1844 Faransawa suka samu sa hannun Sarki Glass a kan takardar da ta miƙa musu ikon ƙasarsa, mutanensa suka yi ta ƙorafin cewa da yaudara aka samu, amma abin da aka rubuta ya riga ya zauna. Yau Glass unguwa ce ta gidajen kwano da shaguna da wuraren cin abinci, gishirin teku na cin ƙarfe, ruwan sama kuma yana sauka kusan ninki uku na abin da Kano ke samu a shekara. Takarda a nan kullum da ɗan danshi, tawadar ruwa takan daɗe ba ta bushe ba, saɓanin Kano inda hunturu ke busar da ita tun tana bakin alƙalami.

Wanda ya tsaya ya duba littafin ɗan makarantar Glass zai ga abin da babu a namu. Shafinsa ba layuka ne kawai ba, gidaje ne masu faɗin milimita 8, kowane gida an raba shi da siraran layuka masu tazarar milimita 2. Wannan tsari na wani mai sayar da takardu ne a Pontoise kusa da Paris, Jean-Alexandre Seyès, tun 1892, kuma shi ke koya wa yaro tsawon kowane harafi, wanda ke hawa sama da wanda ke sauka ƙasa. An yi shi ne don alƙalamin tawada. Makarantun Faransa ba su amince da biro a aji ba sai a 1965. Yawancin ɗaliban Gabon a yau bik shuɗi da ja suke riƙewa kamar namu, amma saboda kantunan littattafai suna ɗauko kayansu daga Faransa, al'adar alƙalami mai shan tawada ba ta mutu ba, kuma abin da ya raya ta ɗan ƙaramin abu ne da suke kira kartush, wato harsashi. 'Yar robar tawada ce mai tsawon milimita 38, bakinta toshe da 'yar ƙwallo. A tura ta cikin alƙalami, a ji ƙas, ƙwallon ta faɗa ciki, tawada ta gangaro. Muhimmancinta shi ne kamfanoni da yawa sun yarda da girma ɗaya: Waterman, Pelikan, Schneider, Kaweco, Faber-Castell da yawancin na Sin irin Jinhao duk suna karɓar wannan harsashi. Lamy da Parker da Pilot da Platinum da Sailor da Sheaffer kuwa kowa da nasa, yawanci na wannan ba ya shiga na wancan. Ɗan makarantar da alƙalaminsa ke cin harsashin gama-gari ya huta; wanda aka kawo wa tsarabar Lamy daga Dubai zuwa garin da ba a sayar da harsashinsa, ranar da na cikin kwalin ya ƙare ranar alƙalamin ya zama abin ado.

Haka abin yake ga biro mai tsada, wanda ake canza wa hanji. Gidaje da yawa a Kano da Kaduna suna da irinsa a durowa, kyautar ritaya ko ta taro, jikinsa lafiya lau, an jingine shi don an rasa hanjinsa. Mafi sauƙin samu a duniya shi ne hanji irin na Parker, mai ƙiba da kan roba mai haƙora, wanda Parker Jotter na 1954 ya yi wa suna, kuma kamfanoni da dama suna yin irinsa, da tawadar mai ko ta jel. A ƙa'idar masana'antu ana kiransa G2, nan kuma ruɗani yake shigowa, don akwai sanannen biron jel na Pilot da shi ma ake kira G2, amma hanjinsa ya fi tsawo, ba sa shiga gidan juna. Kamfanin Cross nasa siriri ne mai zare, ƙananan birurruka masu launi da yawa kuma suna cin ɗan gajeren da ake kira D1. Mai hankali yakan kwance biron tun a kanti ya ga irin hanjin, in zai sayi sabo kuma ya tafi da tsohon a aljihu ya gwada su kafaɗa da kafaɗa.

To wanda yake son fara rubutu da alƙalami mai shan tawada, wanne zai ɗauka? Sunayen da aka fi yabawa ga ɗan koyo sanannu ne. Lamy Safari, wanda ya fito a 1980, yana da mariƙi mai kusurwa uku da ke tilasta wa yatsu zama daidai, jikinsa kuma ba ya fashewa da sauƙi. Pilot Kakuno na yara ne da manya, bakinsa mai laushi. Platinum Preppy ya fi su araha, kuma murfinsa yana rufewa ruf ta yadda tawada ba ta bushewa ko an daɗe ba a taɓa shi ba, abin da ya dace da hunturunmu ƙwarai. Pelikano na Jamus tun 1960 don 'yan makaranta aka yi shi. Duka suna da kyau, amma ukun farko kowanne harsashin gidansu yake ci, don haka a ganina bai kamata ɗan Kano ko ɗan Glass ya sayi ɗayansu ba sai tare da mazuƙi, wato 'yar na'urar da ake sawa a gurbin harsashi, a tsoma baki a kwalba a murɗa ta zuƙo tawada. Da mazuƙi mutum ya fita daga hannun kamfani ɗaya, kowace tawadar kwalba ta alƙalami za ta yi masa, Quink ta Parker da iyayenmu suka sani tun zamanin alƙalamin Hero, ko 4001 ta Pelikan. Kwalba mai mililita 50 ta haura harsashi sittin. In babu mazuƙi, to a ɗauki mai cin harsashin gama-gari, ko da ba shi da suna, kuma harsashin da ya ƙare ana iya sake cika shi da sirinji. Baki kuwa a ɗauki siriri, mai alamar F, domin takardun littattafanmu masu araha suna shan tawada kamar yashi. A kuma tuna cewa siririn Japan ya fi na Turai sirantaka. Gargaɗi ɗaya da ya shafe mu musamman: kada a taɓa ɗura masa tawadar allo ko ta zane. Ƙaron da ke cikinta zai daskare a siraran hanyoyin da tawada ke bi, alƙalamin ya mutu. Tsabtarsa ruwan sanyi ne kawai, a wanke shi duk bayan 'yan makonni.

Za a ce, kuma da gaskiya a ciki, mene ne na wannan wahala tunda ga bik na sefa ɗari? Lamy Safari a Turai yakan kai yuro ashirin ko fiye, wato sama da sefa 13,000 kafin a sa kuɗin jirgi da na kwastan, a ƙasar da mafi ƙarancin abin da doka ta ce ma'aikaci ya samu a wata sefa 150,000 ne. Ga mai sa hannu sau biyu a rana, bik ya ishe shi, kuma hujjata ma tana goyon bayansa, don babu alƙalamin da cimarsa ta fi tasa samuwa. Amma malamin da ke rubuta darasi shafi goma, da ɗalibin jami'a, da magatakardan kotu, da mai rubutun ajami da ya saba da alƙalamin da ke tafiya da nauyinsa ba tare da dannawa ba, su sun san abin da bik ke yi wa wuyan hannu. Ba kuma dole sai na yuro ashirin ba, akwai na 'yan makaranta da kuɗinsu bai wuce na 'yan birurrukan jel ba, kuma jiki ɗaya zai yi shekaru maimakon tulin robar da ke toshe magudanan ruwa a Fagge da Glass baki ɗaya. Wani zai ce waya ta gaje rubutu. Ya bi wannan hanya ya ga ko akwai jami'in iyaka da zai karɓi sa hannu a waya, ko ɗakin jarrabawa da za a bar shi ya shiga da ita, ko mai shagon da zai yarda littafin bashinsa ya dogara da caji. Wani kuma zai ce ai yanzu ana odar komai ta intanet, har harsashin Lamy. Haka ne, amma wanda ya lissafa kuɗin aike da faɗuwar naira da makonnin jira don fakitin harsashi biyar, ya san wannan ba cima ba ce, magani ne na lokaci-lokaci. Inda na yarda da masu suka ba tare da ja ba shi ne batun ruwa: shuɗiyar tawada ta 'yan makaranta, wadda ake iya gogewa, ɗigon ruwan Libreville ɗaya ya isa ya wanke ta, don haka takardar filaye da yarjejeniya da adireshin bayan ambulan aikin biro ne ko tawadar da aka rubuta a kwalbarta cewa ba ta wankuwa.

Najeriya ba baƙuwar wannan sana'a ba ce. Eleganza ya daɗe yana ƙera biro a Legas, kamfanin BIC ma ya sayi kamfanin biro na Lucky a 2019 saboda girman kasuwarmu. Abin da muka rasa shi ne ɗan abin da ke raya alƙalami bayan an saye shi. Kirana ga 'yan kasuwar Sabon Gari da na Katsina da Maraɗi masu ɗauko kaya daga Guangzhou da Dubai shi ne, duk kwalin alƙalamin da za ku ɗauko ku haɗo shi da hanjinsa da harsashinsa da kwalaben tawada, ko da ribarsu kaɗan ce, don su ne za su dawo muku da mai saye kowane wata. Kai kuma mai karatu, ko a Glass kake ko a Kano, kafin ka ciro kuɗi ka ce wa mai kanti ya ɗora maka tawadar alƙalamin a kan tebur ka gani. In ya ce sai mako mai zuwa za a kawo, mayar masa da kayansa ka ɗauki bik.